Kwana 265 a Kulle: Abin da Masu Taya Alƙali Suka Gani a Shari'ar O.J. Simpson

Ranar Talata 3 ga Oktoba, 1995, da misalin ƙarfe 10 na safe agogon Los Anjalis, magatakardar kotu ta miƙe ta karanta hukuncin da mutum 12 suka amince da shi: Orenthal James Simpson ba shi da laifin kisan tsohuwar matarsa Nicole Brown Simpson, ba shi da laifin kisan Ronald Goldman. An ƙiyasta kusan mutum miliyan 100 suna gaban talabijin da rediyo a wannan lokaci. Kafin rana ta faɗi, an gama yi wa waɗannan mutum 12 tasu shari'ar a jaridu da gidajen talabijin. Wasu suka ce jahilai ne, wasu suka ce launin fata suka bi, kuma kowa yana ambaton abu ɗaya, wato shawarar da ba su yi awa huɗu cur suna yi ba. Kaɗan ne suka tsaya suka ƙirga kwanakin da suka gabaci waɗannan sa'o'i. Kwana 265 mutanen nan suka yi a tsare a otel, an raba su da gidajensu da iyalansu, alhali ba su ake tuhuma ba.

Mu da muka saba ganin alƙali shi kaɗai a kan kujera, shi ya saurari shaida shi ya yanke, sai an ɗan yi mana bayani. A Amurka, idan laifi babba ne, ana kiran talakawan gari su zauna su saurari shari'ar. Ana zaro sunayensu daga rajistar masu zaɓe da ta masu lasisin tuƙi, a aika wa mutum takarda, kuma doka ta wajabta masa ya amsa. Su ake kira juri, ko masu taya alƙali yanke hukunci, ko da yake kalmar "taya" ta rage musu matsayi. Alƙali yana kula da doka ne da tsarin zama, shi ke cewa wannan shaida ta shiga, waccan kada a ji ta. Amma ko mutum ya aikata ko bai aikata ba, wannan maganar tasu ce su kaɗai. A Kalifoniya sai bakinsu ya zo ɗaya dukansu 12 kafin a kama mutum da laifi ko a wanke shi. Sharaɗin kamawa kuwa shi ne kada wani kokwanto mai dalili ya saura a zuciya. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamanmu sun daɗe suna cewa ana kawar da haddi idan shubuha ta shiga.

Asalin lamarin

Daren Lahadi 12 ga Yuni, 1994, aka kashe Nicole, mai shekara 35, da Goldman, mai shekara 25, da wuƙa a ƙofar gidanta da ke unguwar Brentwood. 'Ya'yanta biyu ƙanana suna barci a cikin gidan. Goldman ma'aikacin gidan abinci ne, ya zo ne kawo tabarau da mahaifiyar Nicole ta manta a wurin aikinsa. Simpson kuwa tsohon gwarzon ƙwallon Amurka ne, ɗan fim, mai tallar kamfanin hayar motoci na Hertz, baƙar fata da turawa suka riƙe kamar nasu. A 1989 an taɓa gurfanar da shi kan dukan Nicole, bai musa tuhumar ba. Ranar 17 ga Yuni duniya ta ga 'yan sanda suna bin farar motar abokinsa, shi yana ciki, a hankali a kan babbar hanya kafin ya miƙa kansa.

Garin da za a yi shari'ar yana da miki wanda bai warke ba. A 1991 an ɗauki hoton bidiyon 'yan sandan Los Anjalis suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King. A 1992 juri da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu suka wanke 'yan sandan daga kusan dukan tuhumar, gari ya kama da wuta, fiye da mutum 50 suka rasa rayukansu. Daga cikin mutanen wannan gari aka zo neman waɗanda za su saurari shaidar 'yan sandan nan dai.

An fara tantancewa ranar 26 ga Satumba, 1994. Kowane wanda aka kira sai da ya cika takarda mai tambaya 294, ana tonon addininsa da aurensa da ra'ayinsa kan 'yan sanda da auren baƙi da farare. Lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi ta tankaɗe da rairaya. Ranar 3 ga Nuwamba aka rantsar da mutum 12, daga baya aka ƙara 12 na ko-ta-kwana. Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da wannan tankaɗe. Shari'ar da za ta ɗauki watanni tana korar duk wanda shagonsa zai mutu idan ya bar shi, da duk wanda mai gidansa ba zai ci gaba da biyansa albashi ba, da uwar da ba ta da mai riƙe mata yara. Waɗanda suka saura su ne masu aikin da zai jira su, irin ma'aikatan gidan waya da na gwamnati, sai kuma waɗanda suka yi ritaya. Tsawon shari'ar da kansa ya fara zaɓen masu hukunci tun kafin lauya ya buɗe baki.

Rayuwa a otel

Alƙali Lance Ito ya ga babu yadda za a yi mutum ya kwana a gidansa bai ji labarin wannan shari'a ba, don haka ya ba da umarnin a killace su. Ranar 11 ga Janairu, 1995, aka kwashe su 24 zuwa wani otel a tsakiyar birni. An fara sauraron jawabin lauyoyi ranar 24 ga watan.

Otel ne mai kyau, amma an kwashe talabijin da rediyo daga ɗakunan, an cire wayar tarho. Mai son kiran gida sai ya je ɗakin da aka ware, jami'in tsaro yana zaune yana sauraro. Jarida sai an bi ta da almakashi an yanke duk abin da ya shafi shari'ar, ta iso hannunka da ramuka. Fim sai wanda aka tantance. Jami'ai suna iya shiga ɗakinka su bincika kayanka ba ka nan. Matar aure ko mijin aure an ware musu wasu sa'o'i na ziyara, kowa ya san lokacin da aka shiga da lokacin da aka fito. Ba ka fita ko ƙofar otel sai a cikin ayari da rakiya. An riƙa kai su yawon buɗe ido da sayayya, ana kawo musu masu barkwanci da makaɗa, amma duk wannan bai hana mutum tuna cewa ba shi da ikon buɗe ƙofa ya tafi ba.

Abin da ya fi wannan ciwo, a ganina, shi ne dokar shiru. An hana su tattauna shari'ar da kowa, har da junansu, sai ranar da aka rufe shaida. Ka wuni kana kallon hotunan gawar da aka yi wa yankan rago, ka dawo ka zauna cin abinci da mutanen da suka ga abin da ka gani, amma ba ka da izinin cewa uffan a kai. Abu ɗaya tilo da ya haɗa su shi ne aka hana su ambata. Sai hira ta koma kan wa ya daɗe a waya, wa ya zaɓi fim ɗin jiya, wa ya zauna a teburin wa. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, balle zaman da ba kai ka zaɓi abokansa ba.

Ladan wannan duka dala 5 ne a rana, abin da dokar Kalifoniya ta tanada a lokacin. Wanda ya yi zaman tun daga farko har ƙarshe bai tashi da dala 1,400 ba. A cikin zauren da suke zaune akwai lauyoyin da ake biya dubbai, akwai ƙwararrun shaidu da ake ɗauko wa da tsada, a waje kuma gidajen talabijin suna kwasar kuɗin talla. An ƙiyasta gundumar Los Anjalis ta kashe kusan dala miliyan 9 a kan shari'ar. Mutanen da aka ɗora wa nauyi mafi girma su ne aka fi rainawa wajen biya, kuma ban ga wata hujja da za ta wanke wannan ba.

Sai aka fara zubewa. An sallami wani saboda ya yi aiki a Hertz, an sallami wata saboda likitanta ɗaya da Simpson. An sallami wadda ba ta bayyana cewa ta taɓa kai ƙarar miji kan duka ba, an sallami waɗanda aka zarga da shirin rubuta littafi. Kowace sallama tana zuwa ne bayan bincike a asirce, wani lokaci bayan wasiƙar da ba a san marubucinta ba, don haka kowa ya fara ɗari-ɗari da na kusa da shi. Wata da aka sallama a watan Afrilu ta fito ta gaya wa 'yan jarida cewa akwai rarrabuwa ta launin fata a cikinsu, kuma wasu jami'an tsaro suna fifita farare. Alƙali ya canza jami'ai uku. Wannan ya fusata da yawa daga cikin waɗanda suka saura, domin sun shaƙu da jami'an, kuma ba a tambaye su ba. Ranar Juma'a 21 ga Afrilu, 13 daga cikin 18 da suka rage suka ƙi komawa bakin aiki sai alƙali ya saurare su, akasarinsu suka zo kotu da baƙaƙen tufafi. Ranar ba a ji shaida ba. Kwana goma bayan haka aka sallami wata budurwa ma'aikaciyar jirgin sama da ta gaya wa alƙali cewa ba za ta iya jurewa ba kuma. Ba a jima ba aka kwashe ta daga gidansu zuwa asibiti.

Kafin tsakiyar Yuni an sallami mutum 10. Na ko-ta-kwana biyu kacal suka saura. Waɗanda suka kai ƙarshe mata 10 ne da maza biyu: baƙaƙe tara, farare biyu, da ɗan asalin Latin Amurka ɗaya.

Shari'ar da suka gani daban take

Wannan shi ne wurin da masu zagi suka fi yin kuskure. Mai kallo a gida ya fi juri sanin abin da ke faruwa, domin kyamara tana nan ko da an fitar da su. Sau da yawa ana kora su zuwa ɗakin jira su yi sa'o'i, lauyoyi suna gardama kan abin da ya halatta su ji. Duniya tana ji, su ba sa ji.

Masu gabatar da ƙara, Marcia Clark da Christopher Darden, su da kansu suka zaɓi kada su kawo maganar gudun da Simpson ya yi a farar mota, da fasfo da kuɗi da gemun bogi da aka samu a cikinta, da wasiƙar da ya bari, da faifan hirarsa da 'yan sanda. Simpson bai hau kujerar shaida ba, kuma doka ta hana a riƙe shirun wanda ake tuhuma a matsayin hujja a kansa. Abin da juri suka samu a madadin haka shi ne makonni na bayanin gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, a zamanin da yawancin mutane ba su taɓa jin sunansa ba. An ce musu ɗigon jinin da aka samu a wurin kisan, mutum ɗaya cikin miliyan 170 ne zai dace da shi, kuma Simpson ya dace. Hujja ce mai nauyin gaske. Amma an kawo ta a tsinke, da harshen masana, ga mutanen da gajiya ta riga ta cinye.

Lauyoyin Simpson ba su ɓata lokaci wajen musun kimiyya ba, sai suka kama hannun da ya ɗebo jinin. Barry Scheck ya yi kwanaki yana yi wa jami'in tattara shaida Dennis Fung tambayoyi, ya nuna yadda aka bar samfurin jini a mota cikin zafi, da yadda aka ɗauko bargo daga cikin gidan aka rufe gawa da shi. Aka kuma nuna cewa ɗan sanda Philip Vannatter ya karɓi kwalbar jinin da aka ɗiba daga jikin Simpson, maimakon ya ajiye ta a ma'ajiyar shaida nan take, sai ya yi sa'o'i da ita har ya kai ta gidan wanda ake zargi. Ko da babu mugun nufi a ciki, wannan sakaci ne da ke buɗe ƙofar zato.

Ranar 15 ga Yuni Darden ya sa Simpson ya gwada safar hannun da aka samu da jini. Simpson ya sa ta a kan wata safar roba, ya yi ta fama, ya ɗaga hannuwansa ga juri yana nuna ta matse. An zo daga baya an yi bayanin cewa fata tana tsukewa idan ta jiƙe ta bushe, amma gani ya kori ji. Babban lauyan Simpson, Johnnie Cochran, ya riƙe wannan har jawabinsa na ƙarshe, yana nanata musu cewa tunda ba ta shiga ba, dole su sallame shi.

Sai maganar Mark Fuhrman, ɗan sandan da ya ce shi ya tsinci ɗaya safar a bayan gidan Simpson. A watan Maris ya rantse a gaban juri cewa shekara goma bai furta kalmar nan ta cin mutuncin baƙar fata ba. Sai ga faya-fayan hirarsa da wata marubuciya, inda aka ƙirga ya faɗe ta sau 41, yana kuma alfahari da cin zalin waɗanda ake kamawa. Ito ya bar juri su ji guntaye biyu kawai. Lokacin da aka dawo da Fuhrman aka tambaye shi ko ya dasa shaida a wannan shari'a, ya ƙi amsawa bisa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi, kuma wannan ma ba a gabansu aka yi ba. Amma guntayen biyu sun isa su gane cewa babban shaidan gwamnati ya yi musu ƙarya bayan rantsuwa. A 1996 aka hukunta shi kan shaidar zur. A kowace kotu ta duniya, har da ta alƙalin ƙauye, wanda aka kama da ƙarya a magana ɗaya sauran maganarsa ta raunana.

Ɓangaren Simpson ma ba su bar wayo ba. Ranar 12 ga Fabrairu aka kai juri su ga wurin kisan da gidansa. Gidan Nicole an kwashe kayansa, babu abin da ke nuna an taɓa rayuwa a ciki. Nasa kuwa lauyoyinsa sun riga sun gyara shi, sun sauke hotunan abokansa farare sun rataya na danginsa da na baƙaƙe, abin da ɗaya daga cikinsu ya amsa daga baya. Kowane ɓangare yana wasa da hankalin mutanen nan, su kuwa an ɗaure musu baki, ba su da ikon ɗaga hannu su yi tambaya.

Sa'o'i huɗu

Ranar Juma'a 29 ga Satumba aka miƙa musu shari'ar, suka zaɓi shugabarsu. Ranar Litinin 2 ga Oktoba suka zauna shawara. Ƙuri'ar farko ta asirce ta fito 10 na wankewa, biyu na kamawa. Suka nemi a sake karanta musu shaidar direban da ya zo ɗaukar Simpson zuwa filin jirgi a daren kisan, wanda ya ce ya yi ta danna ƙararrawa ba a amsa ba. Bayan sun saurari wani ɓangare suka koma, suka sake ƙuri'a, baki ya zo ɗaya. Ito ya rufe takardar sai washegari.

A nan ba zan kare su ba. Rai biyu aka kashe, an yi wata takwas ana jibga shaida, akwai jinin da ya dace da na Simpson a wurin kisan, akwai wanda ya dace da na mamatan a motarsa. Wannan ya cancanci a baje shi a tebur a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ko da kwana uku ne. Mutum biyun da suka ga laifi a farko sun cancanci a ba su fili su kare ra'ayinsu, su ma bai kamata su sauka da wuri haka ba. Iyayen Goldman da na Nicole suna da haƙƙin a ce an wahala a kan jinin 'ya'yansu a cikin ɗakin nan.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya tsare mutum wata tara, ya hana shi magana, ya bincike ɗakinsa, ya biya shi dala 5, sannan ya ce masa ƙofar gida tana bayan wannan takarda, bai kamata ya yi mamaki ba idan an cika takardar da sauri. Wasu daga cikinsu sun ce ba awa huɗu suka yi suna tunani ba, wata tara suka yi, kowa shi kaɗai a ɗakinsa da dare. Gaskiya ne, kuma nan matsalar take. Hikimar tara mutum 12 ita ce su gyara wa juna fahimta, wanda ya ji abin da wani bai ji ba ya tuna masa. Su kuwa kowa ya riga ya gama yanke nasa hukuncin a kaɗaice tun kafin a ba su izinin buɗe baki.

Bayan an sallame su bakinsu bai zama ɗaya ba kan dalili. Wani daga cikin mazan ya ɗaga wa Simpson dunƙulallen hannu yana fita daga zauren. Wata baturiya, ɗaya daga cikin biyun da suka fara cewa yana da laifi, ta ce tana jin mai yiwuwa shi ya yi, amma da shaida irin ta Fuhrman doka ba ta ba ta damar kama shi ba. Shekaru bayan haka wata dattijuwa a cikinsu ta ce ramuwar abin da aka yi wa Rodney King ce ta ja yawancinsu, wasu abokan zamanta kuma suka musanta, suka ce gwamnati ce ta kasa tabbatar da ƙararta. Mai yiwuwa kowannensu gaskiyar zuciyarsa ya faɗa. Mutanen da suka taso suna ganin ɗan sanda yana ƙarya a unguwarsu ba sa buƙatar dogon bayani kafin su yarda zai iya yin ta a kotu, kuma Fuhrman ya tabbatar musu da abin da suka riga suka sani.

Iyalan mamatan suka shigar da ƙarar diyya. An yi wannan a Santa Monika, alƙali Hiroshi Fujisaki ya hana kyamara shiga, bai killace juri ba, kowa yana kwana a gidansa. Yawancinsu farare ne. A irin wannan ƙara rinjayen hujja kawai ake nema, kuma dole Simpson ya hau kujera ya amsa tambayoyi. An kuma samo hotunansa sanye da irin takalmin da ya bar sawun jini a wurin kisan, takalmin da ya ce bai taɓa mallaka ba, hotunan da juri na farko ba su taɓa gani ba. A Fabrairun 1997 aka ɗora masa alhakin mutuwar, aka yanke masa biyan dala miliyan 33.5. Simpson ya mutu ranar 10 ga Afrilu, 2024, mafi yawan kuɗin bai biya ba.

Kalifoniya ta ɗan gyara wasu abubuwa a shekarun da suka biyo baya. An kawo tsarin da wanda aka kira zai yi kwana ɗaya kawai idan ba a zaɓe shi a wata shari'a ba, maimakon ya yi ta zarya. A shekarar 2000 aka ɗaga kuɗin zama daga dala 5 zuwa dala 15 a rana, kuma ba a fara lissafi sai daga rana ta biyu.